Kalmomin kididdiga a rubutun kimiyya: kowace kalma shaida ce kake bayarwa

Assalamu alaikum. Malamai 'yan uwana da dalibai barkanmu da warhaka, na baya kuna jina ko? To madalla.

Wanda ya shigo da fargabar zan cika allo da fomula ya kwantar da hankalinsa, yau maganar kalmomi zamuyi. Na dade ina karanta furojet din dalibai da takardun da ake turomin in duba kafin a buga a mujalla, kuma abinda na lura dashi shine yawancin barnar ba a kwamfuta take faruwa ba, ita kwamfuta abinda ka zuba mata shi take lissafa maka, barnar tana faruwa ne lokacin da mutum ya dauko lamba zai maida ta jumla. Ga irin jumlar da nake yawan cin karo da ita, bari in rubuta a allo ku ganta: "An zabi marasa lafiya a randam, kuma sakamako ya tabbatar maganin ya rage hawan jini siginifikantli da kashi 50." Layi daya ne, amma akwai kalmomi akalla biyar aciki da kowace da'awa ce mai nauyi, randam, ya tabbatar, ya rage, siginifikan, kashi 50. In na kira mai takardar na tambayeshi daya bayan daya sai kaga da kyar zai iya kare biyu.

Dalilin da yasa abin yake damuna shine wanda zai karanta takardarka baya nan lokacin da kayi aikin. Bai ga marasa lafiyar ba, bai shiga lab din ba, bai ga yadda ka cike takardar tambayoyi ba. Kalmarka ce idonsa. Don haka in ka rubuta randam shaida ce kake bayarwa cewa nayi aiki kaza ta hanya kaza, shi kuma zai dauki shaidar nan ya dora nasa binciken akai, ko ya rubutawa mara lafiya magani da ita. Magana kuma zarar bunu ce, balle wadda aka buga a mujalla, shekara talatin tana yawo ana kafa hujja da ita.

Mu fara da babbarsu, wato siginifikan. A turancin yau da kullum in ance abu siginifikan ne ana nufin babba ne, mai muhimmanci. A kididdiga sam ba haka take nufi ba, kuma wannan ma'ana biyu da kalma daya ta dauka ita ce tushen rabin rikicin. Ronald Fisher, masanin kididdiga wanda yayi aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila tun daga 1919, shi ya yada amfani da iyakar nan ta 0.05, wadda in lambar da ake kira p ta fado kasa da ita ake cewa sakamako siginifikan ne, a littafinsa na 1925, ya dauketa ne a matsayin layi mai saukin aiki dashi, wato in sakamako ya tsallake shi to ya cancanci a tsaya a sake dubawa a kuma maimaita gwajin. Ba wahayi bane, mutum ne ya zabi lamba, kuma kashi 5 cikin dari ya dace da jadawalin da ake aiki dashi a zamanin da babu kwamfuta. Masana fiziks da suka sanar da gano kwayar Higgs a cibiyar CERN a 2012 basu yi aiki da 0.05 ba, nasu ma'aunin ana kiransa sigma 5, wanda yafi wannan tsauri nesa ba kusa ba. Kunga kenan kowane fanni da inda ya ja layinsa.

To menene ita lambar p din? Ku saurara da kyau don nan ne har manya suke zamewa. A ce ka wurga tsabar kudi sama sau 10, fuska ta fito sau 9. Kana zargin tsabar nan tanada matsala. Sai kace, da a ce tsabar lafiyarta kalau, sau nawa za a ga rinjaye irin wannan ko wanda ya fishi, ta kowane bangare? Lissafi ya bada 22 cikin 1024, wato wajen 0.02. Wannan ita ce p. Ku lura da inda jumlar ta fara, "da a ce tsabar lafiyarta kalau". An riga an dauka babu komai, sannan aka tambaya yaya wannan data zata zama abin mamaki. Amma me nake gani a takardu? "p ta nuna yiwuwar sakamakon ya faru bisa sa'a kashi 2 ne kacal", ko "munada tabbacin kashi 98 cewa maganin yana aiki". Duka biyun kuskure ne, an juya tambayar ne kanta a kasa. Bari in baku misali. In akace maka wane matukin jirgin sama ne, yiwuwar ya zama baligi kusan dari bisa dari ce. In akace maka wane baligi ne, yiwuwar ya zama matukin jirgi fa? Yar mitsitsiya. Kalmomi iri daya, an juya su, amsa ta canza gaba daya. p tana fada maka yiwuwar ganin data in babu tasiri, bata fada maka yiwuwar babu tasiri bayan kaga data ba. Kama da wane bata wane.

Sannan p bata auna girman abu. A ce an gwada magani akan mutum 50,000 ya sauke hawan jini da maki 1 kacal, p zata fito kasa da 0.001, siginifikan sosai, amma wane likita ne zai ce maki 1 ya canza rayuwar mara lafiyar dake gabansa? A daya bangaren a ce an gwada wani akan mutum 16 ya sauke da maki 10, p zata iya fitowa wajen 0.2, sai mai takarda ya rubuta bai yi aiki ba, alhali kila shi ne maganin da ya kamata a bi da babban gwaji. Saboda yawan wannan rudani kungiyar masana kididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 mai ka'idoji 6 akan yadda ake fahimtar p, aciki sun fada karara cewa p bata auna yiwuwar hasashe gaskiya ne, kuma bata auna girma ko muhimmancin sakamako. A 2019 kuma masana sama da 800 suka sa hannu a wata kasida a mujallar Nature suna kira a daina raba sakamako gida biyu, wannan siginifikan wancan ba siginifikan ba. Ni ban kai ga cewa a jefar da kalmar ba, amma ra'ayina shine a takardar kimiyya kada ka taba amfani da ita da ma'anar babba. In babba kake nufi kace babba ka fadi nawa ne. In ta kididdiga kake nufi ka hada da kalmar kididdiga ka kawo lambar p dinta cikakkiya, ba kawai kace kasa da 0.05 ba.

Yanzu dan uwanta, wanda ni a ganina yafi shi hadari. p ta fito 0.3 sai mutum ya rubuta "babu bambanci tsakanin rukunan biyu" ko "maganin bashi da illa". A'a. Abinda ya faru shine baka gano bambanci ba, kuma rashin ganowa daban rashin samuwa daban. In ka shiga daki cikin duhu ka laluba minti daya baka taba allura ba, zaka fito ka rantse babu allura a dakin? Douglas Altman da Martin Bland sun rubuta gajeren bayani akan wannan a mujallar likitoci ta Birtaniya a 1995, shekaru sun shude amma har gobe ana tafka shi. Nima a farkon aikina na taba rubuta babu bambanci akan samfur karami, wato mutane kadan ne a binciken, wani mai bita da ban san ko waye ba ya maidomin da takardar da tambaya daya, yace bambanci mai girman nawa samfurinka zai iya ganowa? Na zauna na lissafa naga ko da bambancin mai girma ne sosai da wuya in ganshi da wannan adadin. Har yau ina gode masa, don da an buga a haka da wani ya dogara da maganata.

Maganin wannan shine tazarar amincewa, wadda Jerzy Neyman ya shimfida ka'idarta a 1937. Maimakon kace babu bambanci sai kace bambancin da muka gani maki 4 ne, tazarar amincewa ta kashi 95 ta kama daga karuwar maki 3 zuwa raguwar maki 11. Duk wanda ya karanta yasan halin da ake ciki, data bata kore cewa maganin yana taimako sosai ba, bata kuma kore cewa yana dan cutarwa ba, ana bukatar karin mutane. Ita ma tanada nata tarkon, kashi 95 din sifar hanyar ce, wato in aka maimaita binciken sau da yawa aka gina tazara kowane karo, wajen 95 cikin 100 zasu kunshi lambar gaskiya. Baya nufin kashi 95 na marasa lafiya suna cikin wannan tazarar, wannan na sha ganinsa.

Abu daya kuma kafin in bar p. Dan Allah ku daina rubuta "ya kusa zama siginifikan" ko "yana hanyar zama siginifikan" in p ta fito 0.06. Lamba bata tafiya, ba hanyar ko'ina take ba, in ka kara mutane tana iya sauka tana iya hawa. 0.049 da 0.051 kusan hujja daya suke bayarwa, ka rubuta lambar yadda take mai karatu yayi hukunci. Kuma in gwaji 20 kayi ka fada 20 kayi. In babu komai a duka ashirin din kuma basu da hadi da juna, yiwuwar akalla daya ya fado kasa da 0.05 ta kai wajen kashi 64 cikin dari, faduwa ce kawai tazo daidai da zama. Ka dauko wannan dayan ka sashi a taken takarda ka boye 19, ko da baka kirkiri lamba ko daya ba ka yaudari mai karatu.

Wata daliba: Malam, to in sufabaiza ne yace lallai sai an samu siginifikan kafin ya sa hannu fa?

Yauwa 'yata, tambayar nan nasan da yawa suna da ita a zuci basu fada ba. Ki je masa da ladabi, ki kai masa tebur mai dauke da girman bambanci da tazarar amincewa, kice ranka ya dade ga abinda data ta nuna, ga kuma abinda bata iya nunawa ba. Yawancin malamai in sunga kin fahimci aikinki zasu karba. Binciken da bai gano bambanci ba, in anyi shi da kyau, sakamako ne cikakke, yana hana wani ya bata shekara biyu yana bin hanyar da bata bullewa. Abinda bazan taba baki shawara ba shine ki dinga cire mutane daga data ko canza gwaji har p ta sauko. Mu malamai kuma da muke zaune anan, wannan maganar tamu ce, mu muke koya musu cewa 0.05 ce makin cin jarabawa.

To mu koma randam. Mutane sun dauka randam na nufin kan mai uwa da wabi, wato na tsaya a bakin kofa duk wanda ya fito na tare shi, ban zabi kowa ba. Wannan ba randam bane, samfurin saukin samu ne, kuma ba laifi bane kayi shi in ka kirashi da sunansa. Randam kuri'a ce. Sai kanada jerin duk mutanen da kake magana akansu, kowa yanada damar fitowa da aka sani, sannan kuri'a ko jadawalin lambobi ko kwamfuta ta zaba, ba idonka ba. Don idonka yana zabe ko baka sani ba, zaka tare mai fara'a ka kyale mai sauri, kuma wanda ciwo ya kwantar a gida bazai taba biyowa ta kofar ba balle ka tare shi.

Kuma yawa baya gyara wannan. A zaben shugaban kasar Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi wajen miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta sanar cewa Alf Landon ne zai ci. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Me ya faru? Sunayen da yawa daga littafin masu tarho da rajistar masu mota aka debo su, a lokacin da tattalin arziki ya karye talaka bashi da ko daya, sannan wadanda suka damu su maido da amsa ba irin wadanda suka yi shiru bane. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayi, da mutanen da basu kai ko kusa da wannan yawan ba ya hango Roosevelt ne zai ci. Taron tsintsiya ba shara kenan. Don haka in ka rubuta "samfurinmu yana wakiltar al'umma" sai in tambayeka wace al'umma, kuma ta yaya?

Akwai kuma randam kala biyu da ake cakudawa. Daya zaben wadanda zasu shiga bincike, daya kuma rabon wadanda suka riga suka shiga, wa zai sha magani wa bazai sha ba. Gwajin maganin streptomycin akan tarin fuka da aka buga a Birtaniya a 1948, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa, marasa lafiya 107 ne kawai, amma anyi rabon da lambobin kuri'a a rufaffun ambulan yadda likita bazai san rukunin da mutum zai fada ba sai bayan an karbeshi. Shi yasa har yau ake ambatonsa. Na farko, wato zaben masu shiga, yana baka damar fadada magana zuwa al'umma, na biyu, wato rabo, yana baka damar cewa maganin ne ya jawo bambancin. In ka raba mutane yau magani gobe babu, ko bisa lambar kati, ka rubuta haka, kada ka kirashi randam.

Wannan ya kawomu kan aikatau, don su ne suke shigo da sababi ta bayan gida. Kowa ya haddace cewa alaka ba sababi bace, kowa zai fada maka a aji, amma ka bude takardarsa zaka ga "ya rage", "ya haddasa", "yana kariya daga", "tasirin kaza akan kaza", alhali abinda yayi shine ya raba takardar tambayoyi rana daya. Duk wadannan kalmomin sababi ne. Kalmar tasiri ma da take cikin taken rabin furojet din da nake gani, da'awa ce cewa in ka taba wannan wancan zai motsa. Ku dubi abinda ya faru da maganin homon da ake baiwa mata bayan daukewar al'ada. Shekaru binciken lura yana nuna matan dake shan sa basu cika samun ciwon zuciya ba, aka dinga rubuta yana kariya. Da akayi babban gwaji na kuri'a a Amurka akan mata sama da 16,000, a 2002 aka dakatar dashi kafin lokaci, don hadin homon din da aka gwada bai kare zuciya ba, an ma ga karin hadarin ciwon zuciya da shanyewar barin jiki da sankarar mama. Daga cikin bayanan da aka bayar akwai cewa matan da suke shan maganin tun asali sun fi samun kulawar lafiya da halin rayuwa. Alakar gaskiya ce, an ganta, kalmar kariya ce ba a yi aikinta ba.

Kada kuma wani ya fita yace malam yace ba a taba gano sababi sai da gwajin kuri'a. Ba wanda ya raba mutane da kuri'a yace ku sha taba ku kada ku sha. Richard Doll da Bradford Hill sun buga bincikensu akan taba da sankarar huhu a 1950, daga 1951 suka fara bin likitocin Birtaniya, maza sama da 34,000, aka bisu har shekara 50, aka ga mai yawan sha yafi hadari, wanda ya daina hadarinsa yana sauka, wasu kasashe suka samu irin haka, sannan kalmar sababi ta zauna daram. Hujja ce aka tara daga bangarori da yawa. Kai da bincikenka daya na wata uku, abinda ka samu shine "an ga alaka tsakanin kaza da kaza", kuma wannan ba karamin abu bane, ka fadeshi da girmansa. Ita kalmar korileshan ma, wato alakar da ake aunawa da lamba, kada ka jefata ko'ina, in ka rubutata mai karatu zai nemi lambar da ka lissafa da irinta, ta Pearson ce ko ta Spearman. Haka "ya tabbatar", wannan a bar wa masu lissafi zalla, mu data tana goyon baya ne ko tana raunana hasashe.

Sai kashi cikin dari, inda jumla take iya zama gaskiya ta kuma firgita kasa guda. A watan Oktoban 1995 kwamitin lura da ingancin magunguna na Birtaniya ya fitar da gargadi cewa wasu sababbin kwayoyin tazarar haihuwa suna ninka hadarin daskarewar jini a jijiya sau biyu, wato karin kashi 100 cikin dari. Mata da yawa suka tsorata suka daina sha nan take. Amma ninki biyu na nawa? Kimanin mace 1 cikin 7,000 ne ya koma 2 cikin 7,000. Daga baya aka kiyasta an samu karin zubar da ciki wajen 13,000 a Ingila da Wales a shekarar da ta biyo baya, ga kuma cewa shi kansa juna biyu hadarin daskarewar jininsa yafi na kwayar. Babu wanda yayi karya a lambar, an dai fadi hadari na kwatance aka bar na zahiri. Don haka duk inda ka rubuta ya ragu da kashi 50, ka biyo da daga nawa zuwa nawa. Daga 40 cikin dari zuwa 20 rabi ne, daga 2 cikin dubu zuwa 1 cikin dubu shima rabi ne, amma ba labari daya bane. Sannan in abu ya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 15, ya karu da maki 5 na kashi, ko kuma ya karu da kashi 50 na yadda yake a da, in kace ya karu da kashi 5 ka fadi abu na uku da bai faru ba.

Lokaci yana tafiya, bari in bi sauran da sauri. Matsakaici: a ce mutum biyar sun kwanta a asibiti kwana 2, 3, 3, 4 da 38. In ka hada ka raba biyar zaka samu kwana 10, alhali hudu daga cikinsu basu wuce kwana 4 ba, na tsakiyar layi kuwa, wato midiyan, kwana 3 ne. In kace matsakaici kawai ban san wanne kake nufi ba, ka fada. Alamar nan ta tarawa da debewa da kuke sawa bayan lamba, 120 ± 15 ko 120 ± 1.5, duka biyun zasu iya fitowa daga rukuni guda na mutum 100, na farko SD ne yana nuna yadda mutane suka warwatsu, na biyu SE ne, wato SD da aka raba da tushen adadin mutane, anan 10 don 10 sau 10 ne ke bada 100, yana nuna yadda kiyasinka yake rawa. Wasu suna zaben SE don tafi kankanta tebur yafi kyau, ba tare da sun rubuta ko wacce bace. Nomal a kididdiga sunan wani siffar rabuwar data ne mai kama da kararrawa, bashi da alaka da lafiya ko rashinta. Sannan masu dauke da cuta a yanzu daban, sababbin kamu a cikin shekara daban, maganin da yake tsawaita ran mara lafiya zai kara na farko ba tare da ya taba na biyu ba, in ka cakuda su sai ka rubuta cuta tana karuwa alhali mutane ne suka daina mutuwa.

Wani dalibi: Malam, in aka bi duk wannan ai jumlar zata yi tsawo, kuma mujalla tana kayyade kalmomi.

Gaskiya ne dana, zata dan kara tsawo, amma bari mu gwada da jumlar nan ta kan allo mu gani. A ce ga abinda mai takardar yayi a zahiri, sai ya rubuta: "Marasa lafiya 60 da suka zo asibitin a lokacin binciken, kwamfuta ta raba su da kuri'a gida biyu, 30 da 30. Bayan sati 8 hawan jinin rukunin da suka sha maganin yayi kasa da na daya rukunin da matsakaicin maki 6, tazarar amincewa ta kashi 95 daga maki 1 zuwa 11, p 0.02." Layi uku ne maimakon daya. Yanzu nasan ba a zabo su da kuri'a daga al'umma ba amma an raba su da kuri'a, don haka yanada damar cewa maganin ne, nasan girman abin, nasan kuma zai iya zama maki 1 kacal. In wuri ne ya kure maka, ka rage daga gabatarwar nan mai shafi biyu da kake bada tarihin cutar tun daga farko, nan ne kalmomin suke zube. Akwai wata tambayar? Naga hannu can baya, a mika mata makirfon.